Yadda na gyara binciken PTR da ya ƙi karɓar IPv6

Wata 'yar manhajar Python da na gada a wurin aiki tana karɓar adireshin IP ta nemo sunan na'urar a DNS, kundin sunayen intanet; wannan shi ake kira binciken PTR. Da IPv4, tsohon tsarin adireshin, lafiya lau, 192.0.2.10 ya juye ya koma 10.2.0.192.in-addr.arpa. Amma da an ba ta IPv6, sabon tsarin, sai NXDOMAIN, wato DNS ya ce babu wannan sunan.

Da na leƙa abin da take turawa, sai ga matsalar ƙiri-ƙiri. Tana yanka 2001:db8::1 yadda ta same shi, alhali ip6.arpa, takwaran in-addr.arpa na IPv6, na son alamomi 32 cif, a juye, da ɗigo tsakaninsu. Sifilin da "::" ta haɗiye ba a maido su ba, haka ma sifilin da aka bari a gaban db8.

Na share wannan ɓangaren kaf, na sa ipaddress.ip_address(adireshi).reverse_pointer, wanda ke nan tun Python 3.5. Na gwada da dig -x, umarnin da ke yin irin wannan binciken, amsa ta zo ɗaya.