Kafin ku sayi gilashin kyamara mai faɗin gani

Jama'a, idan wuri ya fi ƙarfin kyamararku, kada ku yi gaggawar sayen sabon gilashi. Ku ɗauki wurin gaɓa-gaɓa, sannan ku ɗinke hotunan a kwamfuta. Manhajar Hugin kyauta ce, Lightroom ma tana wannan aikin.

Ku riƙe kyamarar a tsaye, ba a kwance ba. Kowane hoto ya hau kan na bayansa da kamar kashi ɗaya cikin uku, don da nan manhajar take daidaita su. Ku kulle saitin haske kafin ku fara, in ba haka ba sararin sama zai fito dabbare-dabbare.

Ribar ita ce ƙwayoyin hotuna da yawa, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da ke haɗa hoto, sun taru a hoto guda, ko an buga shi babba ba ya dushewa. Shi kuwa gilashi mai faɗi yana miƙe gefuna, ya ƙanƙantar da abin da ke nesa.

Amma fa dabarar ba ta son motsi. Mutum mai tafiya zai iya fitowa sau biyu, ko rabinsa ya ɓace. Abin da ke dab da ku ma yakan ƙi haɗuwa. A ƙaramin ɗaki ko bidiyo, sai dai gilashin.