Darasi na 9: Kifin Shak, na Ruwa da na Tudu

Yau kalma ɗaya za mu ɗauka mu juya ta ciki da bai. Baƙuwa ce, daga Turanci ta zo, ana rubuta ta shark, a rediyo kuwa za ku ji ana cewa kifin shak. Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ido da ido ba. Babu shi a madatsar ruwa ta Tiga, babu shi a tafkin Cadi, masuntan Argungu ma ba su taɓa fito da shi a koma ba. Sai wanda fatauci ko ci-rani ya kai shi bakin teku, irin su Legas ko Tema ta ƙasar Gana.

A karanta da ƙarfi, mutum ɗaya bayan ɗaya:

Shak kifin teku ne. Ire-irensa sun haura 500. Ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko karfasa, guringuntsi gare shi, irin wanda ke cikin kunnenka. Haƙoransa sahu-sahu ne, in na gaba ya faɗi sai na baya ya maye gurbinsa, haka nan har ƙarshen ransa. Akwai ɗan ƙarami mai tsawon santimita 20 kacal. Akwai kuma wanda kan kai mita 12, shi ne kifi mafi girma a duniya, amma duk girman nan ba ruwansa da mutum. Baki yake buɗewa yana tace ƙananan halittun ruwa yana haɗiyewa.

Wannan ita ce ma'ana ta zahiri: an faɗi sunan abu, abin kuma ake nufi. In ana son gaskiya, sunan kifin nan ya fi shi ɓaci. Mutanen da yake kashewa a duk duniya ba sa kai 20 a yawancin shekaru, alhali mutane na kashe miliyoyinsa, wasu don namansa, wasu don fukafukansa da ake miya da su a ƙasar Sin.

To amma a jarida za a iya rubuta cewa wane shak ne, mutumin kuwa ko iyo bai iya ba. A nan an aro sunan kifin ne an liƙa wa mutum saboda halinsa. Malaman Hausa na kiran wannan salo dabbantarwa, wato a ba mutum suna ko halin dabba. Bature ya dubi yadda kifin ke zagaya abin da ya raunata kafin ya kai masa cafka, sai ya ce ai ga irinsa nan a kasuwa. Faransawa ma haka suke yi da tasu kalmar, requin, ga ɗan kasuwa marar imani, kuma 'yan'uwanmu na Nijar sun san ta. Da Larabci sunansa ƙirsh, kalmar da kuma ake kiran ƙaramin kuɗi da ita a Masar da Sudan, amma wannan dacewa ce kawai.

Wanda aka fi jifa da sunan shi ne mai ba da bashi da kuɗin ruwa mai yanka wuya. Loan shark suke ce masa. Ba ya neman mai wadata. Wanda haihuwa ta zo wa matarsa da dare, ko mai gidan haya ya ba shi wa'adi, shi ne abincinsa. Da can a lungu yake zaune da littafinsa, yanzu ya koma cikin waya: a danna manhaja, kuɗi su shigo nan take, bayan mako ɗaya ko biyu a nemi abin da ya fi ƙarfinka. In ka gaza, sai a bi lambobin da ke wayarka ana aika wa surukanka da abokan sana'arka saƙon cin mutunci. Abin ya yi ƙamari har a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas.

Ga inda nake so ku tsaya ku lura. In za ka faɗa wa tsohuwarka labarin irin wannan mutum, ka ce mata ai wane kifi ne, dariya za ta yi, domin kifi a bakin Bahaushe ba mugu ba ne. Wanda muke ce wa kifin rijiya ma bai waye ba ne, shi ake cuta. Namu shak ɗin kura ce. Ita ce ba a ba ta ajiyar nama, ita ce ga tsoro ga ban tsoro. Wanda abincinsa wayo ne, dila. Wanda ya manne maka yana tsotsa a hankali, kaska. Mai shawagi inda wani ya faɗi, ungulu, ba ta jewar banza. Kowane mutane da dabbar da suka sani suke zagi.

Akwai kuma kalmomin da ke faɗin abin kai tsaye ba tare da an aro dabba ba, sai dai ba duka suka zama ɗaya ba. Ɗan damfara da mazambaci da ƙarya suke raba ka da kuɗinka, shi ya sa ake ce musu 'yan 419, lambar sashen dokar laifuka da ya yi magana a kan zamba. Mai cin riba ba lallai ya yi maka ƙarya ba, yana iya faɗa maka sharaɗinsa ƙiri-ƙiri, matsuwarka ce jarinsa. Macuci ya haɗa su duka. Mai haɗama kuwa yana iya zama bai cuci kowa ba tukuna.

Aikin aji

1. A rubuta Z in ma'anar ta zahiri ce, a rubuta A in ta aro ce:
Masunta sun kama kifin shak a Tema.
Kada ka ba Tanko kuɗin adashi, kura ne.
Kura ta ɗauke akuya a bayan gari.
Dillalin nan kaska ne.

2. Wani ya ranci naira 10,000, aka ce ya biya 13,000 bayan mako ɗaya. Nawa ne kuɗin ruwan? In duk mako ana ƙara masa irin wannan adadi, nawa za a bi shi bayan mako 4?

3. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya faɗi sunan dabba, ɗayan ya faɗi irin mutumin da ake kira da shi a garinku.

Aikin gida: a tambayi wani dattijo ko dattijuwa karin magana 2 da aka ambaci kura a ciki, a rubuto su da hannu a zo da su darasi na gaba.