Babi na Bakwai: Itacen Al'ul na Labanan

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗora yatsa a kan kalmar nan: al'ul. Ɗan waƙafin da ke sama tsakanin l da u ba datti ba ne, kada a goge shi. A wurin ake ɗan tsayar da numfashi: al, 'ul. Madalla.

Al'ul bishiya ce ta kan duwatsun Labanan da Siriya da Turkiyya, inda dusar ƙanƙara ke zuba. Ita ce koriyar bishiyar nan ta tsakiyar tutar Labanan. Kuka tana kaɗe ganye da rani, gawo da damina, ita kuwa shekara ta zagayo tana nan da ganyenta, siri-siri kamar allura. Tsayinta kan kai mita 40.

Katakonta yana da ƙamshi, ƙwari ba sa son sa, ba ya kuma saurin ruɓewa. Shi ya sa sarakunan dā suka yi ta neman sa don ginshiƙai da ƙofofi da jiragen ruwa. A 1954 aka tono jirgin ruwan Fir'auna Khufu a gindin babbar dalar Giza, a Masar. Tsawonsa mita 43, yawancin katakonsa na al'ul ne, kuma ya haura shekara 4,000 a binne. Wannan saran da aka yi ta yi shi ya cinye dazukan Labanan, ɗan tsiron da ya fito kuma awaki su bi su cinye.

Darasi na 2

A 1734 wani masanin tsirrai, Bernard de Jussieu, ya kawo dashen al'ul daga Ingila ya dasa a lambun tsirrai na birnin Paris, a Faransa. Har yau bishiyar tana tsaye. A 1876 kuma aka kewaye kurmin al'ul na kusa da garin Bsharri, a Labanan, da katanga saboda awaki.

Tambaya: shekarar da aka gina katangar, bishiyar Paris shekararta nawa da dasawa?

Ku rubuta 1876 a sama, 1734 a ƙasa, lamba ƙarƙashin lamba. Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne ake faɗuwa. Karatun boko daga hagu ake farawa, amma ɗebewa daga dama. Ku ɗaga hannun da kuke cin tuwo da shi. To, can ne dama. Ku sa yatsa a kan 6, a cire 4, saura 2. A matsa hagu taki ɗaya: 7 a cire 3, saura 4. Sai 8 a cire 7, saura 1. Na ƙarshe 1 a cire 1, babu komai. Amsa 142.

Wanda bai samu ba kada ya damu, ya share ya sake. Daga ina za a fara? Daga dama. Ku faɗa da baki kafin fensir ya taɓa takarda: daga dama.

Bara na ga dattijon da ya shekara talatin yana awon hatsi a kasuwa, lissafin ka babu mai ja da shi, amma da ya zo kan takarda sai ya fara daga hagu, ya yi ta gogewa har ta huje. Sau nawa zan faɗa? Wasunku suna gyaɗa kai a aji, su koma gida su ajiye littafi a ƙarƙashin tabarma sai wani mako. Hakan ba zai yiwu ba. Daga dama!

Darasi na 3

A 1998 hukumar UNESCO ta sa kurmin Bsharri cikin wuraren tarihi na duniya. Ku cire 1876 daga 1998. Ku tuna hannun tuwo.

Darasi na 4

Al'ul tana yin wajen shekara 40 kafin ta fara ba da iri. Ku kwafi jimlar nan sau uku, ku zo da ita ranar aji.