Hanta ba ta buƙatar wanki, rage mata kaya ake yi

Wanda ke shiga mota a Kejetia ko yake zaga kasuwar Asawase a birnin Kumasi na Gana ya saba jin masu tallar ruwan magani a gora suna cewa yana wanke hanta. Hanta ba tukunya ba ce da dauɗa ke kamawa. Ita ce ma ke tace jini, kuma abin da ya rage ga mai ita shi ne kada ya jibga mata abin da ya fi ƙarfinta.

Tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi a jikin babba. Kusan duk abin da hanji ya tsotsa, tuwo ne ko ƙwayar magani, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya ratsa hanta kafin ya watsu a jiki. A nan take tara sukari, kimanin giram 100, tana sakinsa kaɗan-kaɗan idan ciki ya zama wayam, abin da ke riƙe mai azumi ke nan har magariba. Tana yin ruwan maɗaciya mai narkar da maiƙo, da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an yanke. Guba kuwa, sauya mata kama take yi har ta narke a ruwa, ƙoda ta fitar da ita a fitsari, ko ta bi maɗaciya ta fita a bayan gida.

A fara da farasitamol, don shi ne ke cikin kowane ɗaki a zango. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babba lafiyayye na iya shan biyu a lokaci guda, da tazarar awa huɗu zuwa shida, amma kada ya wuce ƙwaya takwas, wato giram 4, cikin awa 24. Dalilin shi ne, yayin da hanta ke sarrafa maganin, wani ɗan kaso nasa yana rikiɗa ya zama guba, hantar kuma tana da ajiyar wani sinadari mai suna gulutatayon da ke kashe gubar nan take. Idan an zarce ƙima, ajiyar ta ƙare, gubar ta koma cin hantar kanta. Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa shi da maganin mura, alhali da yawa daga cikinsu akwai farasitamol a ciki. A karanta bayan kwali. Wanda ya sha fiye da ƙima ya tafi asibiti a ranar, ko da yana jin garau, domin alamun sukan ɓuya kwana ɗaya ko biyu, makarin kuma ya fi aiki cikin awa takwas na farko.

Sai gyaɗa da masara. Idan aka ajiye su da danshi, fumfuna na kama su ta haifar da gubar afulatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma haka. Kafin a kai niƙa don koko, tuwon zafi ko miyar gyaɗa, a baza a tire, a tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ta yi baƙi ko kore, a zubar. Kada a ba kaji, don su ma tana illata su. A shanya hatsi ya bushe ƙarau, a ɗora buhu kan katako nesa da bango, musamman da damina irin ta Kumasi. Tunkuzar da ba a san mai niƙa ta ba abar shakka ce, don gyaɗar da ta lalace ta fi samun maɓoya a niƙaƙƙe.

Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Gana, kuma yakan shekara da shekaru ba ya nuna kansa. Gwajin jini mai suna HBsAg ne ke gano shi, ana yinsa a asibitin Komfo Anokye da ƙananan asibitoci. Wanda ba shi da shi ya karɓi rigakafi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Tun 2002 jariran Gana ke samunta a mako na 6, 10 da 14, don haka manya ne suka fi zama a buɗe. Mai juna biyu da ke ɗauke da cutar ta sanar da ungozoma tun awo, a yi wa jariri allura cikin awa 24 da haihuwa. Wurin wanzami, aski ne ko ƙaho ko kaciya, a nemi sabuwar reza kowane mutum.

Barasa ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai a san cewa yawancin abin da ake kira bitas barasa ce da saiwoyi a ciki. Ƙiba ma tana tara kitse a hanta, kuma rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yakan gyara shi sosai.

Idan farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ciki ya kumbura, ko mutum ya fara rikicewa yana barci da rana, a bar jiƙon maganin ciwon shawara a tafi gwajin aikin hanta, a kuma riƙe duk kwalaben da mara lafiya ke sha a nuna wa likita.