Yadda Ake Hawa Dutsen Baiyun Idan Kasuwanci Ya Kai Ka Gwanzu

Yawancin mutanenmu da ke zuwa sarin kaya a Guangzhou, wato Gwanzu a bakin 'yan kasuwa, daga otal sai kasuwa, daga kasuwa sai wurin lodi, har ranar komawa. Alhali a arewacin birnin akwai Dutsen Baiyun, wanda sunansa ke nufin farin gajimare, daji ne lulluɓe da bishiyoyi mai tsaunuka sama da 30. Rabin yini ya ishe shi, kuma a ganina ya fi kwanciya a ɗaki amfani ga jikin da ya sha zirga-zirga.

Da farko zaɓi rana. Daga Oktoba zuwa Disamba iska ta fi daɗi. Daga Afrilu zuwa Satumba kuwa ruwa ne da gumi mai naci. Kauce wa Asabar da Lahadi, da makon farko na Oktoba da ake hutun ƙasa, da ranar bikin Chongyang da yawanci ke faɗowa a Oktoba, domin a ranar al'adar mutanen Sin ce su hau tudu, sai ka tarar babu masaka tsinke.

Sai guzuri, kuma nan ne nake so ka natsu. Abincin da ake sayarwa a kan dutsen ba na Musulmi ba ne, saboda haka tun da dare ka sayi naka a gidajen abincin halal na unguwar Xiaobei. Ɗauki gorar ruwa, da lema, da 'yar darduma, ka sa takalmi kambas. Silifas ba ya hawa matakala ɗaruruwa, balle idan an yi yayyafi dutsen ya yi santsi. Kuɗin shiga yuan kaɗan ne, amma ka tabbatar WeChat ko Alipay ɗinka na aiki, don da waya ake biyan kusan komai.

Ka fita bayan sallar asuba, ka ce wa mai tasi ya kai ka ƙofar kudu, wajen lambun Yuntai. Daga Xiaobei ba nisa. A nan akwai motar igiya, akwatunan gilashi masu tafiya a rataye, da za su ɗaga ka zuwa dandalin sama cikin 'yan mintoci. Shawarata ka hau da ƙafa, ka bar motar sai wajen saukowa, domin gangara ce ke cin gwiwa.

Kada ka yi gaggawa a hanya. Za ka iske haikalin Nengren na mabiya addinin Buddha, wanda aka fara ginawa a 1824. Wurin ibadar wasu ne: ka rage murya, kada ka ɗauki hoton wanda ke addu'arsa, ka kalli rufin ginin da sassaƙen katako ka wuce. Abin da ya fi burge ni a wannan hanya shi ne tsofaffi. Dattijo ɗan saba'in zai wuce ka yana hawa da rediyonsa a hannu, tsofaffin mata kuma sun yi da'ira suna cafe wata 'yar ƙwallon gashin tsuntsu da ƙafa, ba ta taɓa ƙasa. Zauna ka huta kusa da su, ka sha ruwa.

Daga dandalin sama a ci gaba zuwa Moxing, ƙololuwar dutsen, mita 382. Akwai ɗan ƙarin kuɗi a ƙofarsa. Idan sama ta washe bayan ruwa, za ka hango dogayen benayen birnin har da hasumiyar Canton, gajimare na ratsa bishiyoyi a ƙarƙashinka. Wanda ƙafarsa ta gaza, akwai ƙananan motocin lantarki masu jigila a titin cikin dajin.

Ka fara saukowa kafin rana ta take. Idan azahar ta riske ka a sama, nemi gefe mai tsabta nesa da hanyar mutane ka shimfiɗa dardumarka. In kuma ka sauko da wuri, ɗauki tasi zuwa masallacin Xianxian kusa da lambun Yuexiu, inda kabarin da Musulmin garin ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ka yi sallarka cikin jam'i kafin ka koma masauki.