Yadda na samo kantin da ke da Qsymia a nan Amurka

Alhamdu lillahi, yau maganin ya shigo hannuna bayan kwana tara ina yawo. Likita ta rubuta mini Qsymia don rage ƙiba, amma kantunan magani uku na unguwarmu duk suka ce babu. Na ɗauka ya yanke ne a kasuwa, daga baya na zargi inshora. Ba ko ɗaya.

Ashe ba kowane kanti ke da izinin bayar da shi ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sa shi cikin tsarin REMS, wato ƙarin ƙa'idojin kariya ga magungunan da ke da wani haɗari, saboda sinadarin topiramate da ke ciki na iya jawo wa jariri tsagewar leɓe idan mai ciki ta sha. Sai kantin da ya yi rajista.

Na shiga shafin maganin a intanet, wurin neman kantuna, na sa lambar ZIP ɗinmu, wato lambar gidan waya ta unguwarmu. Na kira biyu mafi kusa, ba “kuna da Qsymia?” kawai na tambaya ba, na faɗi ƙarfin farko, 3.75/23 (miligiram na sinadaran biyu da ke ciki), na kwana 14. Na biyun yana da shi. Na roƙi ofishin likita su tura takardar can kai tsaye, na tafi da katin shaida.

Gwajin ciki kuwa, na riga na yi, kuma kowane wata zan maimaita. Allah ya saka wa ma'aikaciyar da ta fara ambata mini REMS.