Turafil ɗin cakulan: kaya biyu, babu obin, sai awo da haƙuri

Turafil ɗin da na fara yi a rayuwata da cokali muka sha shi. Na samo cakulan mai kyau, na daddatsa, na kwarara masa kirim da ido, don a ganina hannun da ya saba girki ba ya buƙatar awo. Awa uku yana firij, na ɗauko na tarar da shi yana rawa a kwano, ko alamar kama jikinsa bai yi ba. Ƙanwata ta lakata ta kai baki, ta ce, "Yaya, daɗi kam ba a magana, amma ina ƙwallayen da kika ce?" Washegari na nemo ɗan ƙaramin sikelin kicin, kuma har yau ba na taɓa wannan aikin sai yana gabana.

Abin da ake kira turafil, cakulan ne da kirim ɗin madara aka haɗa, aka bari ya sandare, aka cura ƙanana aka mirgina a garin koko. Babu obin a ciki, babu fulawa, babu ƙwai. Haɗin nan shi Faransawa ke kira ganash, kuma daga wajensu abin ya fito. Sunan ma aro ne. Akwai wani nau'in naman kaza mai tsadar gaske da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, a jikin saiwar itatuwa a Faransa da Italiya, yawanci da karnuka masu shinshina ake gano inda yake, shi ne ainihin mai sunan turafil. In an tono shi, ɗan dunƙule ne mai ƙulu-ƙulu, duk ƙasa a jikinsa. Na faɗa miki wannan ne don ki kwantar da hankalinki: in naki ya fito a karkace, ya ma fi kama da mai sunan.

Ga awon da nake yi. Baƙin cakulan giram 200, kirim mililita 100, bota babban cokali ɗaya, gishiri abin da yatsu biyu suka tsinta, sai garin koko marar sukari kamar babban cokali uku na baɗawa. Wannan yana ba ni guda 20 ko fiye kaɗan. Abin riƙewa shi ne kashi biyu na cakulan, kashi ɗaya na kirim. In cakulan mai madara za ki yi da shi, ki kai shi giram 250 zuwa 300 a kan kirim ɗin nan, fari kuwa kada ya gaza 300, domin su biyun man madarar da ke cikinsu yana sa su laushi, ba sa kama jiki kamar baƙin.

Wajen zaɓen cakulan ne nake ɓata lokaci, tunda kusan shi kaɗai harshe zai ji. Ki juya bayan takardarsa ki karanta. Wanda aka rubuta koko kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari shi na fi so. In ya haura 80 ɗacinsa yana da yawa, yara ba za su kula shi ba, ga shi da saurin tsinkewa wajen haɗi. Ki duba kuma irin man da ke ciki. Cakulan na ainihi da man koko ake yin sa. Akwai wanda ake cire man koko a maye gurbinsa da man itatuwa, ya fi araha, kuma zai cure miki lafiya lau, sai dai bayan kin haɗiye za ki ji wani maiƙo ya liƙe miki a ganɗa kamar kin lashi kyandir. Ni ban ga amfanin wahala a kansa ba. Kirim kuwa na ruwa za ki nema, irin wanda ake bugawa, marar sukari, mai maiƙo kashi 30 cikin ɗari zuwa sama. In babu shi, madarar kwakwa mai kauri tana yi, awo ɗaya. Na taɓa yi da madarar shanu mililita 75 da bota giram 25, ya yi, ko da yake santsinsa bai kai ba.

Ki daddatsa cakulan da wuƙa ƙanana-ƙanana, yadda babu gutsuren da ya wuce ƙwayar wake. Aikin yana da gundura, na sani, amma zafin kirim ne kaɗai zai narka shi, kuma babban gutsure ba zai narke ba kafin kirim ya huce. Ki zuba a busasshen kwano na gilashi ko na ƙarfe. Ki ɗora kirim da gishirin a ƙaramar wuta, ki tsaya a kansa. Da kin ga ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, tururi ya fara tashi, ki sauke, kada ki bari ya tafasa ya taso. Ki juye a kan cakulan, ki ɗan girgiza kwanon ya rufe ko'ina.

Sai ki janye hannunki. Minti uku cur, kada cokali ya shiga. Nan ne na fi shan wahala da kaina, don ido yana ganin abu a kwano hannu yana ƙaiƙayi. In kika juya da wuri, kin kore zafin da ake buƙata, za ki ƙare da gudaji.

Bayan minti ukun, ki sa cokali a tsakiyar kwano ki riƙa ɗan zagaye ƙarami a hankali. Da farko abin zai yi muni, kamar ruwan taɓo, har ki ce ya lalace. Ki ci gaba. Can za ki ga tsakiyar ta yi duhu tana sheƙi, sai ki riƙa faɗaɗa zagayen har sheƙin ya cinye farin da ke gefe. Ba bugu ake yi ba, juyi ne, don iska in ta shiga tana rage santsi. Yanzu ki saka botar, wadda ta riga ta yi laushi a waje, ki juya ta ɓace. In kin ga sauran gutsure, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, gindinsa kada ya taɓa ruwan, ki juya na ɗan lokaci.

Wani lokaci haɗin yana tsinkewa, ki ga mai ya taso sama, ƙasan ya yi tsaki-tsaki. Yawanci zafi ne ya yi yawa, ko kuma ruwan da ke cikin haɗin ya yi wa man kaɗan. Kada ki zubar. Ki ɗumama madara, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya ki juya da ɗan ƙarfi daga tsakiya, in bai haɗe ba ki ƙara ɗaya. Da wuya ya wuce cokali uku bai dawo ba.

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ana cewa ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata narkakken cakulan, kuma gaskiya ne, ya faru da ni ranar da na rufe kwano da murfi, gumin murfin ya ɗiga ciki, nan take ya cure ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. To amma kirim ai fiye da rabinsa ruwa ne, me ya sa shi ba ya ɓatawa? Ashe yawan ne. Cakulan gari ne mai laushi na sukari da koko yana yawo a cikin mai. Ruwa kaɗan jiƙa sukarin kawai yake yi, ƙwayoyin su manne da juna. Ruwa mai yawa kuwa narkar da shi yake yi gaba ɗaya. Shi ya sa maganin cakulan da ruwa ya ɓata shi ne ƙarin ruwa mai ɗumi, abin da hankali ba zai fara kawowa ba.

In kina son ƙamshi, ta kirim ake shigar da shi. Ki jefa kankararren ɓawon lemu, ko sandar kirfa, ko yankan ɗanyar citta a ciki tun yana wuta, ki sauke ki rufe minti goma, ki tace, ki sake ɗumamawa. Ki sake aunawa bayan tacewa, don yana raguwa. Rabin ƙaramin cokali na garin kofi mai narkewa yana fito da ɗanɗanon cakulan ba tare da an ji kofin ba, wannan kam kusan kullum ina sawa. Banila a ƙarshe ake ɗiga ta, tare da bota.

Ki juye haɗin a faranti mai ɗan zurfi, ki shimfiɗa leda a kansa ta taɓa fuskarsa, don kada ya yi ɓawo ko gumi ya taru. Ya sha iska rabin awa a waje, sannan firij awa biyu. Gwajinsa da cokali ne: in kin kankaro ya naɗo ya tsaya da siffarsa, ya yi. In ya kwana a firij ya yi tauri, ki ba shi minti ashirin a waje.

Curin shi ne inda ake ɓata jiki. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, jikin mutum kuwa 37 ne, wato tafin hannunki ya isa ya narkar da shi. Dalilin da ya sa yake narkewa a baki ke nan, kuma dalilin da ya sa yake damalmalewa a hannu. Don haka nake raba aikin biyu. Da farko ina ɗebowa da ƙaramin cokali, girman ƙwan tattabara, ina ajiyewa a tire mai takarda yadda suka zo, ba tare da na taɓa su ba. Tiren ya koma firij minti goma sha biyar. Sannan in wanke hannu da ruwan sanyi, in goge ya bushe sarai, in baɗa masa garin koko, in ɗauki kowanne in mulmula sau uku ko huɗu, shi ke nan. Da yatsu ya fi, sun fi tsakiyar tafi sanyi. In ɗakin da zafi, biyar-biyar nake fitowa da su. Duk da haka hannu zai yi baƙi, ki ajiye tsumma kusa, kuma ki kashe wayarki, don daidai lokacin ake kira.

Garin kokon ki tankaɗe shi a rariya, yana da gudaji. Ki jefa ƙwallayen uku-uku a kwanon garin, ki karkaɗa kwanon su mirgina da kansu, ki ɗauko da cokali mai yatsu ki kakkaɓe. Kada ki bar garin ya yi kauri, yana shaƙe mutum a cizon farko. Ɗacinsa da zaƙin cikin su ne daɗin abin, amma ga yara nakan mirgina rabi a busasshiyar kwakwa ko dakakkiyar gyaɗa da aka soya. Garin sukari yana da kyau a ido, sai dai kafin gobe ya jiƙe ya ɓace.

Mutanen Barazil suna da nasu ɗan'uwan wannan, birigadeiro, wanda ba ya neman cakulan ko kirim. Gwangwani ɗaya na madara mai kauri da zaƙi, bota cokali ɗaya, garin koko cokali uku, a juya a ƙaramar wuta kamar minti goma zuwa sha biyar har cokali ya riƙa barin hanya a gindin tukunya, a bari ya huce, a shafa bota a hannu a cura. Ya fi zaƙi nesa, yana da danƙo, kuma ya fi jure zafi. Ranar da ban da kirim shi nake yi.

Ajiya a roba mai murfi da ke rufuwa ruf, a firij, nesa da albasa da kifi, don maiƙon cakulan yana jan wari. Tunda akwai kirim a ciki, ba na bari ya wuce kwana bakwai zuwa goma. A firiza yana kai wata biyu, amma in za ki fitar ki sauko da robar firij ta kwana, kuma kada ki buɗe murfin sai ta saki, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kansu garin ya yi dabbare-dabbare. In hakan ta faru, ki sake mirgina su a sabon gari. Kafin a ci, su yi minti goma sha biyar zuwa ashirin a waje, don mai sanyi ƙanƙara ba ya sakin ƙamshinsa. Ƙanwata dai ba ta taɓa iya jiran minti ashirin ɗin ba, a bakin firij take cin nata a tsaye.